Zoben Famfo da Filafilin Kawuna

Shekarun baya, lokacin ina aiki a Madina, na tafka wata ɓarna da har yau idan na tuna ta nakan rasa ko dariya zan yi ko shiru. Jiya wani ya saka hoton babur ɗin ruwa a nan, irin wanda samari ke tsere da shi a bakin teku, shi ya taso mini da labarin. Na ce bari in ba ku shi.

Aikin kula da famfunan ruwa ya kai ni Madina, a wani kamfani. Ina da difloma a jaka, kuma ina ji da ita ba kaɗan ba. A wancan lokacin Alhamis da Juma'a ne hutu, a wurin kawuna nake yin su. Yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Yana da ɗan shagon gyara a Ƙuba, wanda kowa ke kira warsha, inda masu gonakin dabino ke kawo famfunan rijiyoyinsu. Bai taɓa shiga aji ba, amma idan ya kara kunne a jikin famfo zai gaya maka abin da ke damunsa kafin a kwance noti ɗaya. Injiniya yake kirana, kuma yadda yake jan kalmar ya isa in san tsokana ce.

A bakin kogin Kwara aka haife shi, a wani ƙauyen masunta a ƙasar Yawuri. Yana saurayi ya fito aikin hajji ta ƙasa, ya tsallako teku daga Sudan, bai koma ba. Bayan fitowarsa aka yi madatsar ruwa, tafki ya haɗiye ƙauyen, aka kwashe mutanen zuwa wani wuri. Mahaifiyata tana ƙarama ya baro ta, daga baya aure ya kai ta Zariya. Ita ba ta samu zuwa hajji ba, shi bai je gida ba. Kaset suke aika wa juna ta hannun alhazai. Kusan shekara arba'in kenan yana jawo wa mutane ruwa daga ƙarƙashin ƙasa, amma tun ranar da ya sauka daga jirgin da ya kawo shi, bai sake hawa kan ruwa ba. Kuma a shekarar da nake ba ku labari idanunsa sun fara hazo, har ya daina tuƙa mota.

Wata Alhamis na iso warsha na tarar da wani abu a tsakiyar shago an lulluɓe shi da tampol.

"Injiniya, taho ka gani," in ji shi. "Yau ilminka zai yi rana."

Ya yaye tampol. Babur ɗin ruwa ne, fari da shuɗi, ƙura ta yi masa riga. Na wani tsohon Balarabe ne, mai gonar dabino, wanda shi ne kafilin Kawu, wato mai tsaya masa a kan takardun zama, tun kafin a haife ni. Ɗansa ya saya, ya yi yayinsa, ya tafi karatu waje ya bar shi a ɗakin ajiyar gona. Ciwon babur ɗin ɗaya ne. Injin yana ihu kamar zai tashi sama, amma a ruwa ba ya gaba. Tsohon ya yi wa wani ɗan'uwansa da ke Yanbu kyautarsa, ya ce Kawu ya gyara, mu kai masa Alhamis ta sama. Zai ba mu motar gona da takardar izinin tafiya, don a lokacin baƙo ba ya barin gari sai da takardar kafili. Ya kuma ƙara da cewa, in mun isa, mu gwada abinmu a teku kafin mu miƙa.

Kawu ya faɗi wannan na ƙarshen yana goge hannu da tsumma, kamar ba komai ba. Matarsa, wadda nake kira Inna, ita ta tona shi da muna cin abincin rana.

"Tunda aka kawo abin nan ba mu da hira sai ta gulbi," ta ce. "Ka yi ƙoƙari ka kai shi, ɗan nan. Idon nan ba jira zai yi ba."

Kawu ya ce miyar ta yi gishiri.

Muka kwance famfon daga bayan babur ɗin. Abin bai da wuyar ganewa ga mai aikin famfo. Ruwa na shiga ta wata raga a ƙarƙashi, farfela na juyawa ta turo shi baya da ƙarfi, wannan turin ke tafiyar da babur. Farfelar tana juyawa ne a cikin wani zobe na roba mai kauri, kuma dole tsakaninsu ya matse sosai, in ba haka ba ruwan ya riƙa zillewa ta gefe. Zoben da muka tarar ya cinye, duk ya yi zane-zane. Kawu ya zura reza tsakaninsa da farfela, ta shige tana lilo. Ya haɗa uku, suka shige.

"Ga ɓarawon nan," ya ce. "Amma wane mai hankali ka sa roba cikin famfo? Bari in yanka mishi na tagulla, har jikokin mai shi su gada."

Nan na samu damar da na daɗe ina nema. Na ɗauko ɗan littafin da ya zo da babur ɗin, na yi masa bayani cewa da gangan aka yi zoben da roba, don idan tsakuwa ta shiga shi ya ci, farfela ta tsira. Na yi bayanin da tsawo fiye da yadda ake buƙata, har da zane a bayan kwali. Ya saurare ni har na gama.

"Halas," ya ce. "Mun bi littahi."

A duk Madina babu mai sayar da irin wannan zobe, garin da ba ko kogi. Sai daga Jidda wani direban da Kawu ya sani ya kawo mana, guda ɗaya tak, ranar Talata. Na ɗauki hutun Laraba a wurin aiki. Dabarar da na karanta ita ce a sa sabon zoben a firiza ya kwana, sanyi ya ɗan tsuke shi, don ya shiga gurbinsa ba gardama. Firizar Inna kuwa cike take da naman layya, sallah ba ta daɗe da wucewa ba. Ta tsaya riƙe da ƙugu tana kallona ina kwashe mata ƙulle-ƙullen nama.

"Yanzu robar ce ta fi ragona daraja?"

"Kwana ɗaya ne, Inna."

"In na ji warin mai a miyata, kai za ka shanye ta."

Laraba da safe muka zauna a kan aikin. Cire tsohon zobe shi ne mai haɗari, don sai an yanka shi da bakin zarto a wuri biyu ba tare da an taɓa ƙarfen da ke bayansa ba. Na ce ni zan yi, tunda idona ya fi nasa. Ya karɓe zarton daga hannuna. Bai ma kalli wurin ba. Ya karkata kai yana ja a hankali yana sauraro, da sautin ya sauya sai ya tsaya. Ya yi haka sau biyu, ya sa sukundireba ya ɗaga, zoben ya fito, babu ko ƙwarzane a jikin ƙarfen. Na goge gurbin tas. Na ruga gida, wanda ke bayan warsha, na dawo da sabon zoben a naɗe cikin tawul yana hayaƙin sanyi. Muka daidaita shi, muka ɗora wani katako mai faɗi a kai, Kawu na riƙe ina bugawa da guduma, gefe-gefe, har ya zauna daram. Muka mayar da farfela. Ya kawo rezarsa guda ɗaya, da ƙyar ta shiga. Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Injiniya," kuma a karon farko ban ji tsokana a ciki ba.

Da a nan muka tsaya, da ba ni da labarin ba ku. Amma Kawu yana da doka wadda duk Ƙuba an san shi da ita: famfo ba ya barin hannunsa sai ya ja ruwa a gabansa. Haka duk masu gyaran famfon gona suke. Ka gama gyara, ka kai shi bakin birka, wato babban kwamin siminti da ake tara ruwan ban-ruwa, ka tayar ka ga yadda yake feshi. Littafin nan da nake taƙama da shi ya yi gargaɗi ƙarara kada a tayar da injin da ƙarfi a ruwa mara zurfi. Na karanta wurin. Amma ni ma ɗan famfo ne, hannuna na ƙaiƙayi, kuma ina son tsohon mai gona ya ga aikinmu da idonsa.

Bayan azahar muka ja babur ɗin zuwa gona. Birkar tana da faɗi, ruwanta ya kai ƙugu. Muka sauke shi a ciki, muka ɗaure bayansa da igiya a gindin dabino. Tsohon ya sa aka kawo masa kujera da shayi. Na naɗe wando na hau.

"Kaɗan-kaɗan," in ji Kawu. "Shuwayya. Mu ji muryarshi kawai."

Na tayar, na ɗan matsa. Igiya ta miƙe ƙam, ruwa ya yi tsiri ta baya, tsohon ya ce masha Allah. Wannan masha Allah ɗin ce ta kai ni ta baro. Na matse maƙurar, wato abin ba injin wuta, har ƙarshe. Na ji ƙarfin abin a cinyoyina na ɗan lokaci, ruwan birka ya juye ya yi baƙi, sai wata ƙara ta tashi a ƙarƙashina kamar an zuba tsakuwa a injin niƙa. Kawu na ɗaga hannu yana cewa in kashe. Kafin in kashe, igiyar ta riga ta saki jiki, injin na ihu, babur na tsaye.

Abin da babu wanda ya tuna a cikinmu shi ne abin da ke kwance a ƙasan birkar. Shekara da shekaru ma'aikatan gonar suna zama a bakinta suna cin dabino suna jefa ƙwallon a ciki. Ni kaina na jefa ba adadi. Famfon gona yana da mataci a bakin bututu, ba ruwansa da su. Wannan kuwa ya zuƙe su da yashi gaba ɗaya. Da muka kwance a warsha, ƙwallayen dabino suka zubo a tire, wasu a farfashe. Sabon zoben da ya kwana a firizar Inna ya fi tsohon lalacewa. Farfelar dai ta tsira, ɗan lanƙwasa kaɗan a baki, kamar yadda na yi wa Kawu lacca.

Ban iya ɗaga kai ba. Takardar izinin ta gobe ce kawai. Wani zoben sai daga Jidda, sai wani makon, kuma mai karɓar babur ɗin yana jira. Na ce, "Kawu, ka yafe ni. Na san bai kamata ba, na karanta."

Ya daɗe yana jujjuya ƙwallo ɗaya a tafin hannunsa.

"Ni nac ce a kai shi birka," ya ce. "Kai ka matsa, ni na kai. Tashi mu tahi mu gaya ma mai abu."

Tsohon ya yi dariya har da tari. Ya ce dabinonsa ne ya yi ɓarnar, don haka laifin gida ne. Mu kai babur ɗin yadda yake, ɗan'uwan nasa ya fi mu kusa da masu kayan gyara. Sai ya dubi Kawu ya ce da Larabci, "Amma tekun fa? Ai babur ɗin ba zai tafi ba." Kawu ya ce ba komai.

Da muka koma warsha na mayar da famfon da lalataccen zobensa. Kawu bai taimaka mini ba. Ya ɗauki katakon nan da muka buga zobe da shi, ya zauna a bakin ƙofa da zarto da magagari. Har magariba yana sassaƙa. Ya ɗaure shi da waya a jikin wata sanda, ya shafa da tafin hannu. Sai da ya miƙe ya gwada shi a iska sannan na gane filafili ne, irin na tuƙa kwalekwale.

Muka bar Madina bayan sallar asuba, ni ke tuƙi. Hantsi ya yi muka isa Yanbu. Tun kafin mu hango ruwan Kawu ya sauke gilas yana shaƙar iska. A bakin tekun akwai samarin Larabawa da nasu baburan, suna yanka ruwa suna dawowa. Muka sauke namu. Na sa wa Kawu rigar kariya a kan farar rigarsa, ya naɗe farar zuwa gwiwa, ya hau bayana da filafilinsa a kan cinya.

Na tayar. Injin ya cika wurin da ihu, babur ya ja jiki kamar tsohon jaki. Mai tafiya a ƙasa zai iya wuce mu. Samari biyu suka zagaye mu suna dariya, ɗaya ya tambaya ko a jawo mu. Kunya ta ishe ni. A raina na so a ce Kawu ya ji iska na dukan fuskarsa, ya ga aikin hannunmu yana tsaga ruwa. Haka muka rarrafa har hayaniyar bakin gaɓa ta yi nisa. Sai ya taɓa kafaɗata.

"Kashe shi."

Na kashe. Shiru ya sauka, sai ɗan motsin ruwa a jikin babur. Ya ce mu sauya wuri. Da dabara da addu'a na koma baya ba mu kife ba. Ya gyara zama, ya jingina nauyinsa gefe ɗaya, ya koma ɗayan, yana jin yadda abin ke amsawa. Sannan ya tsoma filafili ta hagu ya ja. Babur ɗin ruwa ba kwalekwale ba ne, nauyi gare shi kuma ba ya son miƙewa. Ja na farko muka juya a wuri ɗaya. Na biyu ma haka. A na uku ya ɗan murɗa hannu a ƙarshen jan, sai hancin ya tsaya saiti, muka fara tafiya. Bai sauya gefe ba ko sau ɗaya.

Ina bayansa ina kallon kafaɗunsa. Mutumin da na sani yana tafiya yana lalube da ƙafa saboda ido, ga shi bayansa ya miƙe. Ya fara magana ba tare da ya waiwayo ba. Ya ce babansu a baya yake zama, shi a gaba, mahaifiyata a tsakiya a kan taru tana riƙe da gefen jirgi da hannu biyu don tsoro. Ya ce akwai wata tsamiya da suke ɗaure jirgi, da wani dutse da in ruwa ya rufe shi an san giwan ruwa ya shigo. Ya lissafa mini gidajen ƙauyen daga bakin ruwa zuwa masallaci, gida-gida, da sunan mai kowane. Duk suna ƙarƙashin tafki yanzu. Bai tsallake ko ɗaya ba.

Can ya ɗora filafili a cinya, ya kamfato ruwa ya wanke fuska. Ya ɗan taɓa a harshe, ya tofar.

"Ba shi ba ne," ya ce. "Amma shina ɗaukar mutum kamar shi."

Mun fi awa ɗaya a kan ruwan. Rana ta gasa mu, bai damu ba. Shi ya tuƙo mu har gaɓa, samarin da suka yi mana dariya suka tsaya suna kallo. Muka kai babur ɗin gidan mai shi, na yi bayanin zobe da kaina. Kawu ya bar masa filafilin, ya ce zai yi amfani kafin kayan gyara su iso.

A hanyar dawowa na ce masa, "Kawu, hutuna na bana mu tafi tare. Ka ga Umma, in kai ka Yawuri ka hau jirgi na gaske. Wata ɗaya mu dawo."

Ya juya fuska wajen taga.

"In na tahi ajali ya iske ni can fa?" ya ce. "Shekara arba'in ina zaune kusa ga Manzon Allah ina jiran a kai ni maƙabartar Baƙi'a. In tashi yanzu da ya rage kaɗan?"

Na sake tayar da maganar sau biyu bayan nan, amsar ba ta sauya ba. Kafin shekara ta zagayo idanun suka rufe, ya rufe warsha. Bayan shekara biyu Allah ya karɓi abinsa, aka yi masa salla a Harami, muka kai shi Baƙi'a kamar yadda ya roƙa. Allah ya jiƙansa.

Na daɗe ina jin haushin kaina a kan zoben nan. Yanzu na daina. Da babur ɗin ya yi gudun da na so, da mun yi minti goma muna ihu mun sauko, ni ina gaba shi yana riƙe da rigata. Abin da ban daina ba shi ne kewa. Ina kewar warin man warshar, da inuwar gonar, da tafiya Masallacin Ƙuba ranar Asabar da safe ina riƙe da hannunsa. Na dawo gida da daɗewa, ina cikin dangi, ba abin da na rasa, amma wani lokaci ina zaune sai in ji Madina ta taso mini har ƙirjina ya yi nauyi. A nan na fara fahimtar abin da ya ɗauka shekara arba'in bai faɗa ba.

Da na dawo Zariya, mahaifiyata ta sa na ba ta labarinsa daga farko har ƙarshe. Na ba ta na jinya, na ba ta na jana'iza, tana ta addu'a ba ta yi kuka ba. Sai na kawo na Yanbu, da nufin in sa ta dariya da ƙwallon dabino. Ta yi dariyar kuwa. Da na zo wurin filafili sai ta tsayar da ni.

"Ta wane gefe ya tuƙa?"

Na ce ta hagu, kuma bai sauya ba.

"Baba ya yi faɗan har ya gaji," ta ce. "Ashe bai daina ba."

Ta ja mayafinta ta rufe fuska, ni kuma na tashi na ba ta wuri.